Hattara da masu tallar liyarin "1780" a intanet

Jama'a masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi, a yi hattara. Akwai masu saka hoton liyari a Facebook da WhatsApp, wato kuɗin azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya a gaba da mikiya mai kai biyu a baya. Sai su ce gadon kaka ne, ya haura shekara ɗari biyu, su tsuga masa kuɗi. Hujjarsu ɗaya ce: 1780 da ke jikinsa.

Wannan shekarar ba ta tabbatar da tsufansa. A 1780 sarauniyar ta rasu, amma da yake fatake tun daga ƙasashen Larabawa da Habasha har Borno da ƙasar Hausa sun aminta da shi, sai aka ci gaba da buga shi ba a taɓa shekarar ba. An buga a Biyana, babban birnin Ostiriya, an buga a Roma da Landan da Faris da Bombay, har yau ma gidan buga kuɗi na Ostiriya yana fitar da sabo da 1780 ɗin. Ɗaruruwan miliyoyi ne a duniya, kuma galibinsu kuɗinsu bai wuce na azurfar da ke ciki da ɗan ƙari ba.

Wannan ma in na gaske ne. Na gaske nauyinsa giram 28 da 'yar ɗoriya, kimanin kashi 83 cikin ɗari azurfa, da rubutu mai tudu kewaye da bakinsa. Jabu sau da yawa zubi ne: haruffan sun dushe, fuskar da 'yan ramuka, a baki kuma za ka ga siririn layi inda ɓari biyu suka haɗu. In maganaɗisu ya kama shi, magana ta ƙare. In bai kama ba, kada ka saki jiki, domin tagulla ma ba ta kamuwa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu kiran kobo mai huji da anini "kuɗin zamanin Shehu" saboda rubutun Larabci da ke jikin wasu. Turawa ne suka kawo su tun daga 1907. Daular Sakkwato galibi da kuɗin wuri ta yi ciniki.

Kafin ka tura ko sisi, ka nemi hoton gaba da baya da baki, da hotonsa a kan sikeli. In da hali ku haɗu a gaban maƙerin farfaru ya gwada. Wanda ya ƙi, ko ya ce wani alhaji na jira ka yi sauri, rabu da shi.