Eliot Ness da Mahaucin Cleveland: abin da na gani a littafin American Demon

Kwana biyar na yi ina karanta American Demon na Daniel Stashower, wanda ya fito a 2022, kuma tun daren farko barci ya ƙaurace mini. Da Turanci aka rubuta shi, Turanci mai sauƙin bi.

Eliot Ness jami'in gwamnatin Amurka ne da ya yi suna a dambarwarsa da Al Capone, ƙasurgumin shugaban gungun masu laifi, a birnin Chicago. A ƙarshen 1935 aka naɗa Ness daraktan tsaron birnin Cleveland, yana ɗan shekara 32, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana duk a hannunsa. Daidai lokacin ne wani makashi ya addabi garin: yana sare kawunan mutane, ya daddatsa gawa, ya watsar a kwazazzabon Kingsbury Run da bakin ruwa. Mutum 12 hukuma ta lissafa daga 1935 zuwa 1938, kuma yawancinsu har yau ba a san sunayensu ba.

Nan littafin ya kama ni. Waɗanda aka kashe talakawa ne, marasa galihu, masu kwana a bukkokin langa-langa saboda karayar tattalin arziki. Akwai wani saurayi mai zane a jiki da aka sassaƙa kamannin fuskarsa, aka kai babban baje-kolin birnin a 1936, jama'a suka yi ta wucewa suna kallo, ba wanda ya ce ɗana ne ko ƙanena. Da na kai wurin nan sai da na rufe littafin na yi shiru.

A watan Agustan 1938 aka tsinci gawa biyu a filin da ake hangowa daga ofishin Ness. Kwana biyu bayan haka ya kai samame Kingsbury Run cikin dare, ya kwashe mutane da dama, aka cinna wa bukkokinsu wuta. Raina ya ɓaci ƙwarai. An rasa makashi, an huce kan talaka. Marubucin bai ɓoye wannan ba, kuma na yaba masa.

Ness ya fi zargin Dokta Francis Sweeney, likitan tiyata da giya ta lalata, ɗan'uwan wani ɗan majalisar tarayya. An tsare shi a otal, an gwada shi da na'urar gano ƙarya, amma ba hujjar da za ta tsaya a kotu. Shekaru bayan haka yana aika wa Ness katunan tsokana daga asibiti.

Ƙorafina ɗaya: an daɗe a labarin Chicago, har na ƙagara a koma Cleveland. Mai raunin zuciya kuma ya yi hattara da babin binciken gawa. Wanda ke jiran a kama mai laifi a shafin ƙarshe ba zai samu ba, domin Ness ya rasu a 1957 ba a hukunta kowa ba. Duk da haka ina ba da shawarar a nema a karanta. Nawa littafin yana hannun ƙanwata yanzu.