Wata uku ina aiki da maɓallin Apply a allon rahotonmu

Ni ke riƙe da lissafin wani kamfani da ke sauke albasa, tumatir da tattasai daga Arewa a kasuwar Mile 12, ofishinmu kuma yana Agege. Allon rahotonmu da Power BI, manhajar Microsoft ta haɗa rahoto, na haɗa shi, kuma na jona shi kai tsaye da rumbun bayanai ta hanyar DirectQuery, domin maigida yana son ganin abin da aka sayar yau, ba na jiya ba. Shafin farko yana da zane da tebur 12, filta, wato wurin zaɓar abin da za a nuna, kuma 4: wata, garin da kaya suka taso, irin kaya, da dillali.

Matsalar daga tsarin da na yi ta fito. A wannan hanya, duk sanda ka taɓa filta ɗaya, kowane zane sai ya aika tasa tambayar zuwa rumbun bayanai. Ka zaɓi wata, tambaya 12 ta tafi. Ka zaɓi Sakkwato, wasu 12. Kafin ka gama da dillali an aika aƙalla 48, alhali 12 na ƙarshe kaɗai kake buƙata. Tamkar ka aiki yaro daga Agege zuwa Mile 12 ya sayo albasa, ya dawo ka ce ya koma ya sayo attaruhu, ya dawo ka sake tura shi tumatir, duk cikin cunkoson Legas. Ranar Litinin da safe, idan mutum biyar suka buɗe allon lokaci guda ga sabis ba ƙarfi, sai dai a zauna ana kallon allo yana juyi.

Wata rana Alhaji ya kira ni ya ce, "Malam, wannan abin naka ya fiye nawa. Direba na jira a biya shi, ni kuma ina jiran kwamfuta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe."

Gyaran bai ci mini minti goma ba. Tun 2023 Power BI ya zo da maɓallin Apply all slicers da abokinsa Clear all slicers (slicers su ne filtocin nan), ana samunsu a Insert, ƙarƙashin Buttons. Da ka ɗora na farkon a shafi, filtocin shafin duka sai su dakata. Ka gama zaɓe-zaɓenka a natse, ka danna sau ɗaya, tambayoyin su tafi tare. Akwai kuma sashen Query reduction a cikin Options, inda na kashe tacewar da zane ke yi wa sauran zane idan an danna shi, domin maɓallin bai shafi wannan ba.

Bambancin a fili yake. Abin da ya fi burge ni ma ba saurin ba ne, natsuwar ce. Da, mutum na tsoron taɓa filta don kada allon ya ɗauke shi jira. Yanzu yaran ofis suna gwada haɗe-haɗen da ba su taɓa gwadawa ba, kamar albasar Aliero a watan da ta yi tsada, dillali bayan dillali. Rumbun bayanan ma ya samu sauƙi, masu shigar da rasit sun daina kukan cewa rahoto na danne musu aiki.

Sai dai akwai inda ya kamata a yi hattara, kuma wannan ya dame ni ƙwarai. A makon farko wani abokin aikina ya canza wata bai danna maɓallin ba, ya karanto wa Alhaji lissafin watan da ya wuce. Allah ya sa ina kusa na lura. A harkar da ake biyan direbobi da dillalai bisa abin da allo ya nuna, irin wannan kuskure na iya ɓata zumuncin shekaru. Daga ranar na ƙara wa maɓallin girma, na sa masa launin kore, na sauya rubutun kansa zuwa "Danna nan a nuna", sannan na sa kan shafin ya riƙa faɗin watan da lissafin ke nunawa a zahiri.

Maɓallin kuma ba ya gyara tambayar da tun asali take da nauyi. Teburin bashin dillalai ya ci gaba da jan ƙafa, sai da na buɗe Performance analyzer, mai nuna lokacin da kowane zane ke ci, na ga shi ke cinye lokacin, na mayar da shi shafinsa daban. A ƙaramin rahoton albashi, wanda bayanansa ke ajiye cikin fayil ɗin kuma yake buɗewa nan take, ban sa maɓallin ba ko kaɗan, don a can ƙarin wahala ne kawai. Rahoton motocin da ke hanya shi ne na gaba da zan sa wa, kafin kakar tumatir ta kankama.