Shiga jirgi a Amurka: mai kuɗi ne a gaba

Yaya, ina gaisuwa, a gaida mutanen gida da na Maradi baki ɗaya. Kun tambayi yadda tafiyar Inna za ta kasance in ta tashi zuwa ganin jikokinta, to ga abin da na gani da idona.

A nan ba a shiga jirgi da girman shekaru. Rukuni-rukuni ake kira: masu kujerun gaba, sai waɗanda suka ƙara kuɗi, mai tikitin araha shi ne kurar baya. Kafin ya shiga ma'ajiyar sama ta cika, a karɓe jakarsa a haɗa da manyan kaya. Kujerar taga da kuɗinta, ta bakin hanya da nata. A tashar Maradi ko ɗan kamasho ya san ya ba dattijo gidan gaba, shi ya sa abin nan yake ci mini rai.

Tsofaffin jirage sun fi mutunta fasinja. Boeing 727, wanda ya fara jigila a 1964, da matakalarsa yake yawo a ƙarƙashin wutsiya. Ana sauko da ita, wasu su hau ta baya, wasu ta gaba, ba turereniya. Na riski jirgin MD-80 kafin manyan kamfanonin nan su ajiye shi a 2019 da 2020: kujera biyu a gefe ɗaya, uku a ɗayan, mata da miji su zauna abinsu ba baƙo a tsakani. A da, tazarar layin kujeru da na gabansa takan kai santimita 86. Yau yawanci 76 zuwa 79 ce, dogon mutum gwiwarsa na gogar bayan kujerar gaba har a sauka. Aibin tsofaffin jiragen dai taba. Layukan baya na masu shan sigari ne, ba bango, hayaƙi ya game kowa, sai a 2000 aka hana ta ɗungurungum a jiragen Amurka. Ga injin MD-80 manne da wutsiya, wanda ya zauna can baya kunnensa ya sha ƙara.

Don haka in za ku yanka wa Inna tikiti daga Yamai, ku ce a rubuta mata keken tura marasa ƙarfi. Kyauta ne, kuma da ita za a fara shiga. Ku zaɓa mata kujerar bakin hanya kusa da bayi, saboda ƙafarta da kuma alwala. Kuɗin zaɓen kujerar ni zan aiko.