Shagon gyaran tsofaffin hotuna a Bukuru

Duk mai tsohon hoton iyaye na zamanin kuza, wanda gara ta ci gefensa ko danshi ya ɓata, akwai shagon da zan tura shi a Bukuru, ba nisa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ɗaki ɗaya ne. Mai shi dattijo ne da ya fara ɗaukar hoto tun yana saurayi. Yanzu ido ya yi rauni, ɗansa ne ke zama gaban kwamfuta, shi kuma yana kan benci a bakin ƙofa.

Hoton da na kai na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. Helma ne, wato shugaban leburori, a barikin haƙar kuza na Bisichi. Yana tsaye a bakin rami da leburorinsa, kowa da kwanon sarki a ka, ƙafafu duk laka. Ninki ya ratsa fuskarsa daga goshi har haɓa, ƙasan hoton kuma ya yi ja. Yaron ya ɗauke shi a na'ura ya miƙo mini abina nan take, bai ce in bar masa ba, kuma wannan ya kwantar mini da hankali, don shi kaɗai gare mu. Ninkin ya ɓace sarai. Har tsagen da ke kumatunsa ya fito, wanda ban taɓa gani a hoton ba sai a fuskarsa yana raye. Takardar da suka buga a kai mai kauri ce, kuɗin kuma bai kai na mudu biyu na shinkafa ba.

Amma ku ja wa yaron kunne tun farko. Idan aka ƙyale shi sai ya zuba launi, ya goge fuska ta yi sumul. Na farkon da ya nuna mini, ya sa wa mahaifinmu shuɗiyar riga, ya share lakar ƙafafun leburorin wai datti ce. Na ce masa, "Ƙanena, wannan lakar da ita aka ciyar da mu, mayar da ita." Ya mayar ba musu. Ku ce baƙi da fari kuke so, kada a taɓa komai sai inda ya lalace. Sannan alkawarinsu na rana ba ya cika, gara ku kira kafin ku taso.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne dattijon. Da ya kusanto da hoton ga idonsa sai ya ce, "'Yata, wannan ramin kamfani ne, ba loto na masu haƙar kansu ba, dubi bututun ruwan can baya." Daga nan ya sa aka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur. Cike yake da hotunan da masu su ba su dawo karɓa ba, da waɗanda ya gada wajen maigidansa. Akwai akawu zaune a tebur ranar biyan kuɗi, layin lebura ya miƙe a gabansa. Akwai mata suna wanke kuza a ƙwarya a bakin rafi. Akwai injin haƙa mai dogon wuya na kamfanin haƙar kuza na ATMN, mutum a gindinsa da ƙyar ake ganinsa. Ɗaya kuma, mafi tsufa, na ƙaramin jirgin ƙasan nan ne da ke tasowa daga Zariya, wanda ya iso Bukuru a 1914 aka daina shi a 1957.

Kowane hoto da bayaninsa a bakinsa. Ya ce yaran yanzu ba sa yarda cewa saboda kuza aka jawo wutar lantarki daga ruwan Kurra ta hannun NESCO, kamfanin da aka kafa tun 1929, lokacin da manyan birane da yawa ke kwana da fitilar aci-bal-bal. Ya yi maganar shekarun yaƙin duniya na biyu, bayan Japan ta kama Malaya a 1942, da Turawa suka riƙa ɗebo mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa su yi haƙa, sanyin Filato da yunwa suka kashe da dama. Kakanmu a wannan ɗiban ya zo, bai koma gida ba, shi ya sa aka haife mu a nan. Na saba jin labarin a gida, amma ban taɓa ganin irin bukkokin da aka zuba su a ciki ba sai a akwatin nan. Daga baya kuza ta faɗi a kasuwar Landan a 1985, kamfanoni suka watse, aka bar mana kududdufan da har yau ke cin yara da shanu.

Nan ne damuwata take. Babu hoto ko ɗaya da aka rubuta suna ko shekara a bayansa, komai a kan dattijon yake. Rikicin Janairun 2010 ya cinye gidaje da shaguna a garin nan, iyalai da yawa ba su da ko hoto ɗaya na kakanninsu, kuma ina kyautata zaton na wasunsu na kwance cikin wannan akwati. Na roƙi yaron ya riƙa ɗaukar su a kwamfuta yana rubuta abin da Baba ya faɗa. Ya ce aikin kuɗi ya fi yawa, kuma da gaskiyarsa, da shagon suke ci.

Saboda haka in za ku je, kada ku tafi a gurguje. Ku je da hantsi, lokacin Baba na nan, ku tafi da wani babba na gidanku wanda ya san fuskokin mutanen Bisichi, Sabon Gidan Kanar ko Barikin Ladi. Duban akwatin kyauta ne. Wanda kuka gane, ku biya a buga muku, ku sa a rubuta sunansa da barikinsa a bayan na asalin kafin a mayar.