Motar PSP a ranar aikin gayya: me take kwashewa, me take bari?

Matasa 20 da manjagara da shebur za su iya gyara layi guda a Agege ko Idi-Araba daga bayan sallar asuba zuwa ƙarfe goma. Daga nan sai a tsaya ana kallon tulin da aka tara a bakin titi, kowa na tambayar wa zai ɗauke shi. A Legas amsar a hukumance ɗaya ce: kamfanonin kwasar shara masu zaman kansu da ake kira PSP, waɗanda LAWMA, hukumar kula da shara ta jihar, ta ba lasisi ta kuma raba musu unguwanni. Kowace unguwa da nata kamfanin, ba kai kake zaɓa ba. Aikinsu za mu auna a nan, ta fuskar masu aikin sa kai.

Mu fara da inda suka ci yabo. Motarsu mai matse shara ce, tana da baki a baya inda ake zubawa, ƙarfe ya janyo ya danne. Saboda haka sharar da za ta cika baro 30 ba ta zama komai a cikinta. In an ɗure komai a buhu an jera a inda za ta iya tsayawa, yaran motar za su loda cikin ɗan lokaci su wuce. Sannan ka san inda kayan za su ƙare, wato bolar Olusosun da ke Ojota, ko Solous ta Igando, ko wata bolar gwamnati. Nan ne suka fi masu kwasa a baro. Gwamnatin jiha ta haramta sana'ar baron shara tun 2018, ana kama su ana ƙwace barunan, kuma da yawansu 'yan'uwanmu ne masu neman halak. Amma mai baro ba zai tura kaya daga Agege har Ojota ba. Inda ya samu sarari nan zai juye, ko gefen layin dogo ko bakin babbar kwata. In aka gane buhunan gayyarku ne a can, sunan ƙungiyarku ne ya ɓaci.

Sai kuma inda ake samun matsala, kuma babbar ita ce laka. Rabin abin da ake fitarwa daga kwata ba leda ba ne, baƙar laka ce da yashi, wani lokaci har da ɓaraguzan bulo. Motar PSP ba don wannan aka ƙera ta ba. Yashi yana da nauyi, ba ya matsuwa, dutse kuwa yana lalata ƙarfen da ke dannewa, ga kayan gyara da tsada. Don haka direba zai leƙa buhu, in ya ga laka ya ce a ajiye masa gefe. Ba rashin mutunci ba ne, kuma daɗin baki ba ya sauya shi. Laka aikin tifa ce, ita kuwa daban ake nemanta, ta hannun ƙaramar hukuma ko a yi karo-karo a ɗauko haya. Ƙungiyar da ba ta tanadi tifa ba gara ta tsaya ga tsame leda da gorunan roba daga kwatar, domin lakar da aka jibge a gefen hanya ruwan farko zai mayar da ita inda ta fito, sauran kuma tayoyin keke da acaɓa su baje ta a titi.

Na biyu lokaci. Da rani sukan cika alkawari daidai gwargwado. Da damina, musamman Yuni da Yuli, hanyar shiga bola kan caɓe, motoci su yi dogon layi suna jiran juyewa, motar da ya kamata ta yi sawu biyu ta ƙare da ɗaya. Wanda aka ce masa Asabar yana iya ganinta Talata. A kwana ukun nan awaki da karnuka sun yaga buhunan, masu tsintar gwangwani sun zazzage rabi.

Akwai kuma maganar lungu da ta bashi. Motar babba ce, ba ta shiga layin da aka kafa tebura hagu da dama, sai an fito mata da kaya bakin titi. Layin da masu gidajensa suka tara bashin kuɗin shara kuwa, kamfanin ba ya ɗokin zuwa, ko da aikin lada kuke yi. Ku kuna ganin gayya, shi yana ganin gidajen da suka ƙi biya suna neman a kwashe musu kyauta. Kuma sau da yawa gaskiyarsa ce: da an ga matasa sun fito da buhu, sai a fara fito da tsohuwar katifa da sharar mako guda daga cikin gida.

Yadda ake cin moriyarsu shi ne a yi magana da manajan kamfanin mako guda kafin ranar, ta hannun ƙungiyar ci gaban unguwa ko fadar Sarkin Hausawa, a rubuce, a kuma sanar da ofishin LAWMA na yankin. A tsayar da wurin tarawa guda ɗaya tak, da lokacin zuwa, da kuɗin sawu in akwai, tun kafin a ɗauki tsintsiya. In motar na bin layin ranar Alhamis, a sa gayyar Alhamis da sassafe, wadda dama ita ce safiyar tsaftar kasuwanni. Ga mutum 20, manjagara 6, shebur 4, baro 2 da tsofaffin buhunan shinkafa kamar 50 sun wadatar. Baƙar leda ba ta jure jiƙaƙƙiyar shara, ɗagawa ɗaya take fashewa. Buhu kuma kada a cika shi ya wuce rabi in sharar jiƙaƙƙiya ce, a ɗaure baki. Safar hannu ta roba mai kauri da takalmin ruwa dole ne ga duk mai shiga kwata, saboda fasasshiyar kwalba da reza da allurar da aka yar. Kwalba a sa ta cikin bokiti, ba buhu ba, yaran motar da hannu suke ɗauka. Gorunan ruwa da na lemo a ware su a taka su su lotse, masu saye a kilo za su karɓa, ko kamfani irin Wecyclers da ke wannan aiki a Legas tun 2012. Kuɗin ba yawa, amma yana sayen ruwan sha da sabulun wanke hannu.

Abin da mota ba ta iya kwashewa shi ne halin mutane. Jihar da hukuma ke cewa tana fitar da shara kusan tan 13,000 a kullum, amma har yanzu hadari na haɗowa za ka ga an fito da kwandon shara ana jiran ruwa ya sauko a juye a kwata, wai zai tafi da ita. Ba ya kai ta ko'ina sai kwalbatin gaba. Fasinjan danfo, wato bas ɗin haya ta Legas, ya shanye fiya wata ya cillo ledar ta taga, in ka yi magana ya ce ai akwai waɗanda ake biya su share. A cikinmu kuma akwai masu cewa nan ba gida ba ne, nema muka zo. To, da aka rufe kasuwar Mile 12 a watan Oktoban 2023 saboda ƙazanta, ba a tambayi kowa garinsu ba, tumatir da tattasai na kowa ne suka yi kwanan mota. Haramcin farar robar zuba abinci da aka sanar a Janairun 2024 ya rage ta a kwatoci, sai dai ledar fiya wata da gorar roba suna nan yadda suke.

Shara kiran 'yar'uwarta take yi. Tulin da ya kwana biyu a mahaɗar layi ya zama bola, kuma ko bayan an kwashe mutane za su ci gaba da zubawa a wurin. Shi ya sa jinkirin mota ya fi komai ɓarna ga masu gayya. Bayan kwashewa a share wurin tas, a wanke, a roƙi mai shayi ko mai shagon da ke kusa ya sa ido.

Hukuncinmu: ga shara busasshiya da aka ɗure, a layin da ke biyan kuɗinsa, da rani, PSP sun isa a dogara da su. Ga yasar kwata da damina, kada a fara sai an ga tifa a tsaye.