Kawasaki Vulcan S da Ninja 650: inji iri ɗaya, hawa daban

Wanda yake son sanin bambancin kuruza (babur mai ƙasa-ƙasan sirdi da ake hawa a sake, irin Vulcan S) da babur samfurin tsere (irin Ninja 650), waɗannan biyun su ne suka fi sauƙin gwadawa, domin injinsu tushe ɗaya ne: silinda biyu a jere, cc 649, mai sanyaya kansa da ruwa, giya shida, kuma dukkansu da sarƙa suke jan tayar baya. Kamfanin ya ɗan rage wa na Vulcan ƙololuwar ƙarfi, ya tsaya a wajen ƙarfin doki 61, na Ninja kuwa doki 68. A cikin gari ba za ka ji wannan tazarar ba. Abin da za ka ji shi ne yadda kowanne ya zaunar da kai.

Sirdin Vulcan S milimita 705 ne daga ƙasa, na Ninja 790. Mai gajeren ƙafa zai dasa tafukansa biyu a kwalta a kan Vulcan, abin da yake kwantar da hankali a gosulo ko a wurin da yashi ya kwanta a bakin titi. Nauyinsa ya kusa kilo 230, Ninja kuma wajen 193, amma da yake nauyin Vulcan a ƙasa yake, ɗaga shi daga jingina ba ya wahala. Tura shi da baya a hawa kuwa, nan ne za ka san kilo talatin da wani abu ba wasa ba ne.

A kuruza ƙafafu gaba suke miƙewa, baya a tsaye, hannuwa a sake. Minti ashirin na farko kamar kana kan kujerar falo. Matsalar tana fitowa ne idan taya ta faɗa rami. Tunda matakan ƙafa suna gabanka, ba za ka iya taka su ka ɗaga jikinka daga sirdi ba, don haka duk dukan tsatso ne yake shanye shi. Ga shi shakazobar bayan Vulcan milimita 80 kacal take iya lotsawa, ta Ninja kuwa 130. A hanya mai gargada wannan milimita 50 ɗin ita ce bambancin wanda ya sauka yana tafiya daidai da wanda ya sauka dafe da ƙugu. Ana iya rage abin: shakazobar Vulcan tana da zobe mai matakai bakwai, idan mahayi mai jiki ne ko zai ɗauki goyo sai a ƙara mataki ɗaya ko biyu don kada ta riƙa kaiwa ƙarshe tana bugawa. Amma ba a ƙara mata tsawon da ba ta da shi.

A Ninja matakan suna ƙarƙashin cinya, jiki ya ɗan rusuna gaba. Ka hango rami, ka sassauta totur, ka taka matakan ka ɗaga mazaunai kaɗan, gwiwoyi su karɓi dukan. Kukan da sababbin mahaya suke yi da shi na wuyan hannu ne da dokin wuya, kuma mafi yawansa daga kuskuren zama ne: suna jingina nauyinsu a kan sitiyari. Gyaran shi ne a matse tanki da gwiwoyi, a lanƙwasa gwiwar hannu, a bar ciki da baya su riƙe jiki. A nan dai a yi adalci, Ninja 650 mai sauƙin kai ne a cikin danginsa. ZX-6R, wanda shi ne na tsere na gaske, sitiyarinsa ya fi ƙasa nesa ba kusa ba, kuma awa guda a cunkoson gari a kansa azaba ce.

Iska tana juya lissafin idan an hau babbar hanya. Daga wajen kilomita 110 a awa, mahayin Vulcan ya zama kamar zanen da aka shanya, iska tana dukan ƙirji, sai ya riƙa riƙe kansa da hannuwa, kafaɗu su gaji. A Ninja gilashin gaba yana raba iskar, ragowar kuma tana tallafe ƙirji ta sauke nauyi daga wuyan hannu. Wanda zai yi doguwar tafiya da Vulcan ya sa masa gilashi tun kafin ya tashi.

A kwana ma halinsu daban ne. Ƙafar gaban Vulcan, wato sandunan da suke riƙe tayar gaba, a kwance take da digiri 31, tsakanin tayoyinsa milimita 1,575. Ta Ninja digiri 24 ce, tsakanin tayoyi 1,410. Saboda haka Vulcan yana tafiya ɗoɗar a miƙaƙƙiyar hanya, ba ya rawa, amma sai ka tura sitiyari da niyya kafin ya kwanta, kuma juyawa a lungu tana cin fili. Idan aka kwantar da shi sosai matakin ƙafa yana gogar kwalta. Wanda bai saba ba sai ƙarar ta firgita shi ya miƙar da babur a tsakiyar kwana, ya fita daga hannunsa. Maganin shi ne a gama rage gudu tun kafin shiga. Ninja da ɗan taɓi yake kwanciya, har yakan yi wa baƙo saurin amsawa.

Birki: faifai biyu ne a gaban Ninja, ɗaya a gaban Vulcan. A Ninja gaba ne yake kusan dukkan aikin, baya yana yin sakayau idan an matse sosai. Vulcan dogo ne, nauyi yana zama a baya, don haka birkin ƙafa yana da amfani sosai kuma dole a haɗa biyun.

Dukkansu tsayin cikinsu daga ƙasa wajen milimita 130 ne, kuma salansa a ƙarƙashin inji take. Sai dai tsawon Vulcan yana sa cikinsa ya fi saurin taɓa dogon tudun rage gudu, musamman da goyo. A hau shi a hankali, a ɗan karkace.

Wajen kuɗin gyara, faɗuwar tsaye ma tana iya fasa robobin jikin Ninja da fitilar sigina, kuma robobin ba su da arha. Vulcan ba shi da irin wannan rufin, sai dai tayar gabansa inci 18 ce, ta fi wuyar samu a kan inci 17 da akasarin babura samfurin tsere suke amfani da ita. Mai sayen na hannu ya kuma duba inda aka ɗaura matakan ƙafar Vulcan, domin ramuka uku gare su, ana matsar da su gaba ko baya da wajen milimita 25, kuma kowane wuri da tsawon sandar giyar da ta dace da shi.

Ga mai gajeren ƙafa da ke yawo a gari mai lafiyayyar kwalta, ba ya gaggawa, Vulcan S ya fi. Ga wanda hanyarsa ta kullum take da ramuka, ko yake yawan fita gari zuwa gari, Ninja 650 ne zai fi tausaya wa bayansa, duk da cewa a ido shi ne ya fi kama da mai wahalarwa.