Tankar roba ta farko: wacce za ka saya, kuma hannun wa za ka sa kuɗinka

Tun ranar da na saka hoton tankar roba ta T-55 da na haɗa mutane ke ta damuna da tambaya, a ina ake samu, wane kamfani ya fi, da me ake mannawa. Wani ma cewa ya yi in sayar mai ya kai wa yaronsa ya yi wasa da ita, na ce malam ai yaro na ɗauka ta tashi aiki, wata biyu cur na yi a kanta. To bari in amsa gaba ɗaya in huta.

Ga wanda bai san harkar ba, ba haɗaɗɗiyar tanka ake sayar maka ba fa. Kwali za ka buɗe ka tarar da gutsattsarin roba a jikin firam, kai ne za ka yanko su ɗaya bayan ɗaya, ka goge da samfefa, ka manna, ka yi fenti, ka bi ta da ƙura da tsatsa har ta zama kamar yanzu ta dawo daga filin daga.

Fara da maganar girma tunda a nan ake fara cutar mutane. Lambar da ke jikin kwali, 1/35 ko 1/48 ko 1/72, tana nufin sau nawa aka rage tankar gaske. T-55 ta gaske da bakin bindigarta ta kai kusan mita 9, a 1/35 za ta ba ka wajen santimita 26, ta cika tafin hannu har ta yi saura. A 1/72 kuwa rabin haka ne, ƙananan kayan jikinta kamar ƙwayar shinkafa, in ɗaya ya faɗi ƙasa sai dai ka yi masa addu'a. Ni 1/35 nake cewa kowa ya fara da ita, ita ce ta fi yawa a duniya, sojojin roba da jarkoki da akwatunan harsashi duk an fi yin su a wannan girman. 1/48 ba laifi in ɗakinka ƙarami ne. 1/16 na masu kuɗi da fili ne, mu wuce.

Kamfani kuwa ba zan ɓoye ba, ni ɗan Tamiya ne. Kamfanin Japan ne a garin Shizuoka, a 1946 aka kafa shi kuma da sana'ar katako ya fara kafin ya koma roba. Ita kanta 1/35 ɗin da kowa ke bi yanzu daga wurinsu ta samo asali, farkon shekarun 1960 suka yi tankar Panther mai tafiya da batir, suka auna cikinta daidai yadda batura da ɗan injin da ke tuƙa ta za su shiga, da aka lissafa sai ta faɗo a 1/35, shi ke nan ta zauna. Amma ba tarihi ya sa nake son su ba. Abin da ya sa shi ne in ka ɗauko gutsure biyu ka haɗa sai ka ji sun zauna ɗas, ba rami ba tudu, ba sai ka nemo fila kana cikewa kamar mai gyaran jikin mota ba. Takardar bayaninsu kuma ko ba ka jin Turanci zane kawai ya ishe ka, kowane mataki da lambar fentin da za ka shafa.

A cikin nasu ma wacce nake tura sabon shiga gare ta ita ce T-55A, lamba 35257, wadda ta fito a 2002. Dalili na farko tankar tamu ce a ido, ta Tarayyar Sobiyat ce amma babu tankar da aka ƙera da yawa a tarihi kamar dangin T-54 da T-55, ta cika Afirka, sojojin Najeriya ma suna da ita. Wanda ya san labarin yaƙin Chadi da Libiya a 1987, a Fada da Wadi Dum, ya san irin su ne dakarun Hissène Habré suka riƙa farfasawa da kwashewa alhali su a kan Toyota a-kori-kura suke. Kenan kana da zaɓi, ko ka yi mata koren Rasha ko ka yi mata ruwan ƙasa na sahara wanda rana ta cinye. Dalili na biyu tayoyi. Biyar ne kacal kowane gefe, da ɗan gibi tsakanin na farko da na biyu, da shi ake gane ta daga nesa. Kwatanta da Tiger ta Jamus da kowa ke rawar jiki a kanta, samfurin farko tayoyi 24 ne a gefe guda, sun shige cikin juna, kuma kowanne sai ka zagaye bakinsa da baƙin fenti, wallahi kafin ka gama gefe ɗaya sha'awar ta fita daga ranka. Tana da nata aibun, ba su saka bututun mai da ke haɗa tankunan man gefe ba, amma siririyar wayar kwafa ta tsohuwar caja ta magance wannan cikin yamma ɗaya.

In kuɗinka bai kai ba akwai tsofaffinsu na shekarun 1970 irin Panzer II da M41 Walker Bulldog, araha ne kuma kayan ciki kaɗan, ka ɓata ba za ka yi kuka ba.

Sauran kamfanonin a gurguje. Dragon ta Hong Kong akwai kyau amma takardar bayaninta ta yi suna wajen rikita mutane, ba ta ɗan koyo ba ce. MiniArt ta Yukiren tana da T-55 mai har inji da kujerun ciki, gutsure sama da 1000, ka rufe kai kuma babu mai ganin wahalar da ka sha. Meng da Takom da Rye Field na China ne, zamani ne sosai, ajiye su sai tanka ta uku ko ta huɗu, ko da yake Meng na da a-kori-kura mai bindigar kakkaɓo jirgi a baya wadda za ta dace da T-55 in kana son haɗa fagen Chadi. Trumpeter da HobbyBoss sa'a ce, wata ta yi kyau wata a'a. Zvezda ta Rasha sababbinta kawai. Academy ta Koriya tsaka-tsaki. Italeri da Revell sai ka bincika shekarun abin da ke ciki don kwali sabo ba ya nufin kaya sabo.

Yanzu ga abin da ni nake fara dubawa kafin komai: sarƙar ƙafa. Wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Tankata ta farko, ba zan kira sunan kamfanin ba, sarƙarta ɗaiɗai take zuwa, kusan ƙwaya 90 kowane gefe, kowace ƙwaya sai an yanke ta a wuri uku an goge. Na kwana biyu ina yi, na jera su reras a kan tebur ba wuta ina aiki da fitilar waya, ashe na bar fanka a kunne. Ana kawo wuta sai ji na yi fyuu, rabi a ƙarƙashin gado rabi Allah kaɗai ya san inda suka shiga, har yau tankar na cikin kwali da ƙafa ɗaya. Tun daga nan in ban ga hoton sarƙa ba ba na ciniki. Iri uku ne: ta roba mai laushi guda ɗaya kamar bel, mai dogaye da gajeru da ake haɗawa, sai ɗaiɗai ɗin nan. Ta T-55A ɗin Tamiya bel ce kuma tana kama gam, abin da kawai za ka kula shi ne T-55 ba ta da ƙananan tayoyin sama masu riƙe sarƙa, a kan manyan tayoyin take kwanciya, don haka ka ɗiga gam ka danna ta ta kwanta, in ka bar ta a miƙe kamar tsirkiya duk wanda ya san tanka zai yi maka dariya.

Gam kuma kar ka taɓa sufa gulu na shago sai in ƙarfe za ka manna, yana barin farin tabo kuma ba ya ba ka damar gyara. Na harkar shi ne Extra Thin na Tamiya mai koren murfi, ruwa ne tsararo, narkar da robar yake ta haɗe da 'yar'uwarta. Fenti na ruwa irin XF na Tamiya ko Vallejo na Sifen, Vallejo ya fi daɗin burushi. Kar ka kusanto da tinar fentin mota, cinye robar take. Lokacin hunturu kuma in ka yi fenti ka kife kwanon roba a kai, in ba haka ba ƙura ta yi maka ado tun ba ka shirya ba.

To ga inda na fi so ka buɗe kunne, masu sayarwa. Harkar nan kusan duk oda ce daga waje ko ta hannun wani a intanet, cinikin biri a sama kenan, kuma macuta sun gane sabon shiga bai san komai ba.

Babbar dabararsu hoto. Za su ɗauko hoton tankar da wani gwani ya yi wata uku yana wa fenti su manna, su rubuta sunan babban kamfani a sama, girman kuma su ɓoye shi can ƙasa ko su ƙi rubutawa sam. Haka aka yi min, na biya kuɗin 1/35 aka kawo min wata 'yar mitsitsiya a leda ba ko kwali, irin wadda ake dannawa ta haɗe ba gam, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, da na yi magana ya ce ai hoton misali ne, daga nan ya toshe ni. Ka nemi hoton kwalin da ke hannunsa, gefen da lamba take, da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar a ajiye a kai. Wanda ya ce kayan na sito ba zai iya ɗauka ba ka ce mai a gai da gida.

Sai masu sayar da wanda aka buɗe. Wani ya fara haɗawa ya ɓata, ko ya cire bakin bindiga da sitika, ya mayar ya naɗe da leda a ce sabo ne. Kowane firam yana da harafi, A, B, C, kuma takardar bayani tana kiran kowane gutsure da harafinsa da lambarsa, ka sa a baje maka su ka ƙirga. Ka dubi sitika ma, in ta yi rawaya ko ta tsattsage to ta sha zafi da damshi, tana shiga ruwan da ake jiƙa ta kafin a manna za ta wargaje.

Jabu ya fi yawa a ƙananan kaya ba a tankar kanta ba. Filayar yanka mai sunan Japan a farashin da bai kai rabi ba, ƙarfen gwangwani ne, tauna robar take maimakon yanka. Bindigar feshin fenti mai tambarin babban kamfani a kwali amma jikinta ba rubutu. Sojojin da aka kwafa daga na asali aka sake zubawa, fuska a narke kamar an bar kyandir a rana, jiki duk ƙananan ramuka. Gam da fenti da aka tsiyaye aka ƙara ruwa, ka duba ko an taɓa murfin. Ga kuma wata, gam ɗin nan da fentin gwangwani masu kama wuta ne, yawancin masu jigila ta jirgin sama ba sa ɗauka, don haka wanda ya yi maka alkawarin kwalabe goma daga Japan cikin kwana uku ka tambaye shi ta wace hanya.

Amma kar tsoro ya sa ka zargi mai gaskiya. In ka ga an rubuta an yi a Filifin a kwalin Tamiya ba jabu ba ne, suna da masana'anta a Cebu. In ka ga ramuka da zanen batir a cikin tsohuwar tankarsu shi ma asali ne, ragowar zamanin masu tafiya da batir ne. Akwai kuma kwalaye masu tambarin Tamiya da Italeri tare, halal ne amma robar ciki ta Italeri ce, kar ka saya da tunanin irin zaman nan ɗas da na faɗa. In kana shakka ka saka lambar kwalin a shafin intanet na Scalemates, zai nuna maka shekarar da aka fara yin ta da duk kwalayen da aka sauya mata.

Ranar da kaya suka iso kuma kar ka yage leda sai kyamara na kunne, tun daga naɗin waje har ka ƙirga firam na ƙarshe. Kuɗi kuwa rabi kafin, rabi bayan, in ya ƙi to a samo wanda ku biyun kuka yarda da shi ya riƙe. Ni yanzu haka a-kori-kurar Meng nake jira, na biya rabi, sauran sai na ga harafin kowane firam da idona.